Ƙaya a Ƙarƙashin Lalle

Matan Arlit masu ciwon sukari, da ku nake. Sauran ma ku saurara in kuna so, amma kada wadda ta zo mini da "ai dama mun faɗa", don wannan magana ta kai mini iya wuya.

Sunana Rabi, mutuniyar Damagaram ce ni, aure ya kawo ni Arlit tun da ƙuruciyata. Maigidana, Baban Nana, ya yi tuƙin manyan motoci a wajen haƙar ma'adinai har ya ajiye aiki, ni kuma ina da ɗan shagon atamfa a kasuwa. Zaman shago ya tara mini jiki, jiki ya jawo sukari. Ran da likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa, ban ɗauki maganar da wasa ba. Na fara da zagayen unguwa bayan sallar asuba, da ƙafa ta saba na fita bayan gari. A can na haɗu da Gaishita, wata Ba'abziniya 'yar wajen Gugaram mai sayar da cuku, wadda tafiya ba ta ce mata komai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta wadda ba ruwanta da mace ko namiji: "Rabi, kai kana tafiya hannu banza kamar baƙo. Ɗauki kaya, ƙafa ya san aiki."

Na ɗauko tsohuwar jakar lekol, wato makaranta, ta 'yata Nana, na ɗura rairayi a leda na cusa, na goya. Daga baya na sayi jakar baya ta gaske wajen 'yan gwanjo, da takalmin basket irin na 'yan wasa. Kai, na sha suna a garin nan! Masu kabu-kabu suna kirana Hajiya Soja, matan unguwa suna leƙowa ta katanga suna ƙus-ƙus. Ko a jikina. Sukarina ya sauka, rigunana duk sai da tela ya rage su, har ɗan gudu-gudu nake yi a cikin kori, wato busasshen rafi, inda rairayi ke da taushi. Ban taɓa jin daɗin jikina kamar a waɗannan shekaru ba, kuma ba zan ɓoye wannan don kunyar kowa ba.

Duk lokacin sanyi matasan gari sukan shirya tseren gudu ta cikin duwatsu. Ma'aikatan ma'adinai suna shiga, 'yan lekol suna shiga, har daga Cirozerin ake zuwa. Ni da Gaishita muka zama 'yan sa-kai. Mu ke bin hanya muna ɗaura jan ƙyalle a itatuwa don kada masu gudu su ɓace, ranar tsere kuma mu ke goya ruwa mu kai shi kan wani dutse da mota ba ta iya hawa. Ba a biyanmu ko dala. Abin da nake samu shi ne saurayi ya iso harshe a waje, in miƙa masa kofi, ya ce "Allah ya biya, Mama", ya wuce.

To ga yadda abin ya faru. A satin ɗaura ƙyalle, ƙayar aduwa ta huda tafin takalmina ta shige tsakanin ƙananan yatsuna na ƙafar hagu, ta karye a ciki. Ban ji ba. Wallahi ban ji ko kamar cizon sauro ba. Washegari na aika aka kira mai ƙunshi, don mu dai abin da muka tashi muka tarar shi ne lalle yana ƙarfafa tafin ƙafa, yana hana faso. Kowace shekara kafin tsere haka muke yi ni da Gaishita. Aka lafta mini lalle har idon sawu, aka naɗe da leda, da aka kwance aka bi da abin baƙanta shi. Ƙafa ta fito baƙa wuluk, tana sheƙi, har Baban Nana ya yi mini ba'a wai ko amarya zan koma. Da wannan ƙafa na goya ruwa na hau dutse na sauko.

Satin farko bayan tsere zazzaɓi ya kama ni. Na je wani ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikacin ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce masassarar sauro ce, ya rubuta ordonansi, takardar sayen magani. Bai ce in cire takalmi ba, ni ma ban cire ba. Me zan nuna masa? Ƙafa ba ta ciwo. Na sha magani har ya ƙare, zazzaɓi yana tafiya da rana ya dawo da yamma.

A sati na biyu takalmi ya fara matse ni. Na ce gajiyar tsere ce. Sai wata safiya Baban Nana ya shigo yana toshe hanci, ya ce, "Rabi, ɓera ya mutu a ɗakin nan." Ya janye gado, ya ɗaga akwatuna, ni ina zaune ina nuna masa inda zai duba. Muna cikin haka Gaishita ta yi sallama, ta zo gaishe ni da jiki. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta sunkuya. Ta kama yatsuna ta buɗe su, ta danna. Abin da ya fito ba zan rubuta shi ba.

Ta ce, "Wannan baƙi ba lalle ba ne. Tashi, yanzu."

Mun isa babban asibiti rana ta ɗaga, layi ya zagaye baranda. Masu tari, masu karaya, mata da jarirai, kowa riƙe da katinsa yana fifita da shi. Mun wuni a benci sai bayan la'asar aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Nana ba, har na ce a raina wannan me ta sani. Allah ya yafe mini, ita ce ta fara ceto ni. Ta sa aka wanke ƙafar, ta ɗauki allura tana tsikarar tafin.

"Mama, kina ji?"

"Kin fara ne?"

Ta ajiye allurar. Ta sa ɗan hantsaki ta zaro guntun ƙaya, ta nuna mini a kan auduga. Ta ce jan da ya kamata in gani tun kwanakin farko, da kumburi, da canjin launin fata, duk lalle ya rufe su. Sannan ta faɗi maganar da har gobe tana kunnena: "Sukari ya sa ƙafarki ta daina kawo miki ƙara, Mama. Daga yau ke za ki riƙa zuwa kina tambayarta."

Aka ba ni gado. Ƙarin ruwa, allurai safe da yamma, wankin ciwo kullum. Komai sai an aika farmasi, tun daga bandeji har safar hannun da za a taɓa ni da ita. Ribar shago ta tafi a satin nan, uwar kuɗi ta bi bayanta.

Sai ga Yaya Mariyama daga Damagaram. Ita ce babbarmu, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, kuma har yau kallon 'yar goye take yi mini. Ta sha doguwar hanya, ƙafafunta a kumbure, amma ko zama ba ta yi ba ta juya kan Baban Nana.

"Kai ka bar ta! Mace da jika, ta ɗauki jaka ta shiga daji kamar mai neman zinariya, kana kallo. Ga abin da tafiyar ta haifar."

Na ce, "Yaya, ba tafiya ba ce, ƙaya ce."

"Ƙayar a shago ta same ki?"

Baban Nana ya fita wai zai sayo ruwa.

'Yan dubiya kuwa, Allah ya saka musu da alheri, kuma Allah ya rage musu ilimin likitanci. Sun kawo kunu, sun kawo sabulu, sun sa hannu a aljihu, ban manta ba. Amma kowa da nasa maganin. Wannan ta ce zuma da garin bagaruwa. Waccan ta ce a yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Wani abokin maigida ya rantse iskar ma'adinai ce, duk ciwon da ke Arlit daga nan yake. Wata maƙwabciyata ta rage murya ta ce na taka wurin mutanen ɓoye a cikin kori, don ba a shiga kori da sassafe. Abu guda da duk suka haɗu a kansa shi ne in na tashi, tafiya ta ƙare. Har da masu faɗin haka da ɗan murmushi, kamar an biya musu wata tsohuwar buƙata. Ina kwance ina jinsu, zuciyata tana tafasa.

Cikin sati na huɗu zazzaɓi ya sauka, amma ƙananan yatsu biyu suka bushe, suka yi baƙi na gaske, wanda ba ya wankuwa. Likitar ta ce aikin ya fi ƙarfin nan, sai Agadas. Wanda ya san hanyar Arlit zuwa Agadas ba sai na ba shi labari ba. Na kwanta a bayan mota, ƙafata a cinyar Yaya, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta ƙara rungume ta. Tana yi mini faɗa tana tofa mini addu'a, har muka wuce mararrabar Cirozerin ba ta huta da ko ɗaya ba.

A Agadas ma layi ne, da hoton ƙashi, da gwajin jini, da "ku dawo gobe". Likitan fiɗa dattijo ne, ba ya kwana-kwana. Ya duba hoto, ya duba ƙafa, ya sa yatsansa a gindin yatsun nan biyu.

Ya ce, "In kin yarda yanzu, a nan zan tsaya." Ya ɗaga hannu ya dafa ƙasan gwiwata. "In kin je kin dawo, nan ne. Ban ce miki wata ba, kwanaki nake nufi."

Na tambaye shi abu guda: "In an cire biyun, zan yi tafiya?"

"In ciwon ya warke, kika kiyaye, za ki yi."

"Da kaya a baya?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ki fara tashi tukuna, Hajiya."

Muna fitowa baranda Yaya ta yi tsalle ta dire. Ita dai ba za a yanka 'yar uwarta tana raye ba. An ba ta labarin wani mai magani a wani ƙauye wajen Tawa, wanda ke warkar da irin wannan da saiwa da hayaƙi, ko tabo ba ya bari. Har ta yi magana da direba. Ta kira ƙannenmu a waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a bi maganar Yaya. Baban Nana yana tsaye ya rasa inda zai sa kansa, don tsoron Yaya yake tun ranar da ya je neman aurena.

Ta ce, "Rabi, ki ji tsoron Allah. Da wane ido za ki je gabansa da jiki a gutsure?"

Na ce, "Shi ya ba ni su, Yaya, kuma ya san inda na bar su."

"Don dai ki koma yawon dutse! Don wannan shegiyar jaka za ki ba da naman jikinki!"

"E, don ita. Don in taka ƙasa da ƙafata in je inda nake so. In na bi ki Tawa, a kan jaki za a dawo da ni, kuma ke ma kin sani."

Tun da nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Mutane suka tsaya suna kallonmu. Tsoro ya cika ni fal, don ni ma ban san ko zan farka daga fiɗar ba. Na juya wajen maigidana na ce, "Baban Nana, ƙafar nan a jikina take. Je ka gaya masa na yarda." Ya dubi Yaya, ya dube ni, ya gyara hularsa ya shiga.

An yi aikin da safe. Da azahar Baban Nana ya karɓi yatsun a cikin farin ƙyalle, ya je maƙabarta ya binne su da hannunsa. Da ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce, "Na yi musu wuri mai kyau, ƙarƙashin inuwa." Nan ne kuka ya ƙwace mini, wanda ban yi ba tun farkon ciwon.

Yaya ta daina yi mini magana, amma ba ta daina jinya ba. Ita ke kai fo ta wanke, ita ke goge mini jiki, ita ke dafa mini miyar ganye a ɗan kurfoti a bayan ɗakin marasa lafiya, ta auna tuwo kamar mai ba jariri. A tabarma take kwana da ciwon bayanta. In tana son gaya mini abu sai ta ce wa bango, "A gaya wa mai taurin kai ta juya, zan canza zane." Ni ma in ce wa bango, "A ce mata na gode." Babu wanda ya wahala a kaina kamar matar nan, kuma babu wanda ya ƙona mini rai kamarta.

Ban tsira nan da nan ba. Bayan kwanaki ja ya fara hawa bayan ƙafar. Likitan ya sa biro ya zagaye iyakarsa, ya canza allurai, ya ce in ya tsallake layin nan za mu sake zama. Allurar kuwa tsada gare ta, a kanta babur ɗin Baban Nana ya tafi. Yanzu ba lalle, ba abin da ke ɓoye mini komai, ina ganin jan nan da idona. Yaya takan zo ta tsuguna ta ƙura masa ido, bakinta yana motsi. Ya tsaya cak a kan layin har na fara fid da rai, sannan a hankali ya fara ja da baya. Safiyar da likitan ya ce mun haye, Yaya ta manta tana fushi ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan," ta kuma tuna, ta ɗaure fuska.

Mun dawo Arlit, na yi watanni ba a bar ni na taka ƙafar ba. Zama ya ishe ni, sukari ya sake hawa, shago rabinsa wayam. Gaishita takan zo da cuku ta zauna ta ba ni labarin kori, inda ruwa ya ci da inda aduwa ta yi 'ya'ya. Yaya ba ta son ganinta, ko amsa sallamarta da ƙyar take yi. Ran da Yaya za ta koma Damagaram ta rungume ni a bakin mota ta ce, "Ki yi mini alkawari." Na ce, "Na yi miki alkawarin zan kula da ƙafata." Ta san ba shi ta nema ba. Sai da motarsu ta tashi na gano ta tafi da jakata a cikin kayanta.

Na koma wajen yarinyar likitar nan na tambaye ta gaskiya. Ta ce tafiya ba ita ta cuce ni ba, ita ce ma maganina, amma da sharaɗi. Ga su nan, ku ma ku riƙe. Kowace safiya da kowane dawowa, a cire takalmi a duba ƙafa, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi in wuya ba ya lanƙwasuwa. A zazzage takalmi a lalube cikinsa da hannu kafin a sa. Tafinsa ya zama mai kauri. In zazzaɓi ya kai ku asibiti, ku cire takalmi ku ɗora ƙafa a kan tebur ko ba a tambaye ku ba. Lalle kuwa, ku yi a hannu har gwiwar hannu in kuna so, amma ƙafar mai sukari a bar ta yadda Allah ya yi ta, a riƙa ganinta. An yi bikin 'yar maƙwabta na je da ƙafa fara fat, mata suna ta zunɗe. Na ce su zunɗa da kyau, ni na san abin da na biya.

Koyon tafiya ya fi fiɗar wuya. Ƙafar tana karkata waje, ina tangaɗi kamar ɗan tatata. Wani baduku ya cika mini gurbin yatsun da soso a cikin sabon takalmi. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin masallaci, da sanda. Masu kabu-kabu suka ce Hajiya Soja ta yi ritaya. Na ce su jira. Na yanki tsohuwar tamfol na kai wa tela ya ɗinka mini jaka mai hannu biyu, na fara goya ta ba komai a ciki.

Da sanyi ya zagayo, shugaban matasan ya zo har gida, yana sosa ƙeya. Wai sun yi shawara, bana za a ba ni kujera a wurin ƙare tsere, cikin inuwa, in riƙa miƙa wa waɗanda suka ci kyauta.

Na ce, "Ɗana, wa zai kai ruwa kan dutse?"

"Za mu samu wani, Mama."

"Kun samu. Rabin ruwan da nake goyawa a da zan ɗauka, Gaishita ta ɗauki saura. Kujerar ku ba wa mai gajiya."

Ranar tsere mun fita tun gari bai gama wayewa ba, don yanzu tafiyata ta ninka lokaci. Ina hawa ina hutawa, Gaishita tana gaba tana zagina cikin Tamajak. Sau biyu na ji kamar in ajiye jakar in zauna in yi kuka. Ban ajiye ba. Da muka kai sama na sauke ruwan, na jera kofuna, ƙirjina yana bugawa. A kan dutsen nan ne kawai waya ke kamawa a duk yankin, ina zama kuwa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Na kira gida an ce kin fita. Kina ina?"

"Ina kan dutse, Yaya."

Na gyara zama, na shirya wa faɗa.

Ta ce, "Kin duba ƙafar?"

"Na duba kafin in fito."

"Sake dubawa. Ina kan waya."

Na maƙale wayar a kafaɗa, na kwance igiya, na cire takalmi da safa. Na juya ƙafar ga hasken rana, na bi tabon da yatsa, na buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya lau take. Ko ja babu."

Na ji ta saki numfashi. Ta ce, "To mayar da takalminki, kada ki tsaya ƙafa a ƙasa."

Gaishita ta yi kira daga bakin dutse, wai ga na farko nan ya shigo kori. Na ɗaure igiya, na dafa sanda na miƙe, na cika kofi.